Wace Bindiga Ce Abin Dogaro? Tambayar da Amurkawa Ke Amsa Rabinta

A watan Janairun 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta sanar da ƙaramar bindigar da za ta gaji Beretta M9, wadda dakarunta ke ɗaurawa a ƙugu tun 1985. Samfurin P320 na kamfanin SIG Sauer ne ya lashe gasar, tare da kwangilar da za ta iya kaiwa dala miliyan 580. Ga magidancin da ke tsaye gaban kanta yana neman abin da zai kare iyalinsa da shi, babu tallar da ta kai wannan ƙarfi. Abin da soja ya gwada ya yarda da shi, wa zai tsaya yi masa tambaya?

Wata bakwai kawai aka yi. A watan Agusta wani kantin sayar da bindigogi a jihar Texas ya saki bidiyon da ke nuna cewa idan P320 ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa, ƙeyarta ta bugi daɓe, tana tashi ba tare da kowa ya taɓa kunamarta ba. 'Yan sandan birnin Dallas ma sun dakatar da amfani da ita. Daga baya ta bayyana cewa sojoji sun ci karo da wannan matsala tun a gwajinsu, an kuma gyara musu nasu. Kamfanin ya ce duk farar hular da ke so ya aiko da tasa a sauya mata wasu sassa kyauta, amma bai kira abin da sunan janye kaya daga kasuwa ba.

Wannan labari ya fito da wani giɓi da ke cikin yadda ake zaɓen bindiga a ƙasar da ta fi kowace yawan makamai a hannun farar hula. Idan Ba'amurke ya ce yana neman bindiga abin dogaro, kusan kullum abu guda yake nufi, wato wadda ba ta cijewa, duk lokacin da ya ja kunama ta tashi. Mujallu da masu bidiyo da 'yan kanti duk a kan wannan suke kwana. Amma dogaro yana da fuska ta biyu, cewa kada bindigar ta tashi a lokacin da mai ita bai nufa ba, ko a hannun wanda ba shi ya saye ta ba. A wannan fuska ta biyu ne ake asarar da yawa daga cikin rayukan da bindigar gida ke ci, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Masu sayen ba kaɗan ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun mallaki bindiga, kuma kashi 72 na masu ita sun ce kare kai na daga manyan dalilansu, yayin da kashi 30 suka ambaci wasan harbi. A shekarar 2020, da annobar korona ta haɗu da zanga-zanga da zaɓe mai zafi, ƙungiyar masu ƙera makamai ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Doka ma tana bayansu. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Washington da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida, tana mai cewa ita ce makamin da Amurkawa suka fi zaɓa don tsaron kai. Saboda haka maganar a saya ko kada a saya ta riga ta wuce a miliyoyin gidaje. Abin da ya rage shi ne me za a saya, kuma yaya za a zauna da shi.

A fuskar farko, ta cijewa, gardamar tsohuwa ce: libarba ko fistol. Libarba ita ce mai ganga da ke juyawa, tana ɗaukar harsashi biyar zuwa bakwai a mafi yawan lokuta. Samfurin da ake kira Model 10 na Smith & Wesson ya samo asali tun 1899, kuma an ƙera fiye da miliyan shida. Falalarta a fili take. Ƙarfin yatsan mai harbi ne ke juya gangar, don haka idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sai a sake jan kunama, na gaba ya zo. Kunamarta na da nauyi, wajen kilo biyar, abin da ke sa da wuya ta tashi da tsautsayi, amma kuma yana wahalar da mai raunin hannu wajen riƙe saiti. Ɗura ta na cin lokaci, kuma ranar da ta lalace a ciki, sai dai a kai wa makeri.

Fistol kuwa da ƙarfin harsashin da ya tashi take aiki. Shi ke tura saman bindigar baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya ɗauko sabo daga gidan harsasai. Wannan sarƙa ce mai mahaɗai da yawa, kuma kowane na iya tsinkewa. Gidan harsasai mai lanƙwasasshen baki, harsashi mai arha maras ƙarfi, datti, rashin mai, duk suna sa ta cije. Har riƙon mai harbi na da hannu a ciki, domin idan wuyan hannunsa ya yi laushi, ƙarfin da ya kamata ya tura ƙarfen baya sai ya narke a hannun, kwanso ya maƙale. Sabbin masu harbi da yawa suna zagin bindiga alhali riƙonsu ne ya gaza.

Wanda ya sauya wannan kasuwa ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Gaston Glock ɗan Ostiriya ne da ke ƙera sandunan rataye labule da wuƙaƙen soja, har zuwa farkon shekarun 1980 da rundunar ƙasarsa ta nemi sabuwar fistol. Ya kawo Glock 17, mai jikin roba mai tauri, mai ɗaukar harsashi 17, wadda sassanta gaba ɗaya ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Sojojin Ostiriya suka karɓe ta a 1982. A 1988 aka fito da ƙanwarta Glock 19 mai harsashi 15, wadda har yau ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Sirrinta ƙarancin sassa ne, domin abin da babu shi ba ya lalacewa. Glock ya rasu a Disambar 2023 yana da shekara 94, bayan ya ga manyan kamfanoni irin su Smith & Wesson da CZ da Walther sun bi sahunsa da nasu samfuran masu jikin roba.

Gaskiyar da 'yan kanti ba su cika faɗa ba ita ce, a yau wannan gardama ta kusa mutuwa. Kusan duk fistol mai cikakken girma daga sanannen kamfani za ta harba ɗaruruwan harsasai ba tare da ta cije ba, muddin ana share ta ana kuma ba ta harsashi mai kyau. Masu horarwa sukan ce kada mutum ya dogara da sabuwar bindiga sai ya harba 'yan ɗaruruwa da ita, ciki har da ainihin irin harsashin da zai ajiye a cikinta. Shawara ce mai kyau, kuma a nan maganar cijewa ta kusa ƙarewa.

Sai gardamar girman harsashi, wadda hukumar FBI ta biya kuɗin karatunta da jini. Ranar 11 ga Afrilun 1986, a yankin Miami, jami'anta takwas suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, an jikkata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya sha harsashin milimita 9 tun farkon faɗan, harsashin ya tsaya dab da zuciyarsa, ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta koma mai milimita 10. Da jami'ai suka kasa jure yadda yake tunkuɗo hannu, sai aka rage masa ƙarfi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990, wanda 'yan sandan Amurka suka runguma shekara da shekaru. A 2014 sashen horarwa na FBI ya fitar da bayanin da ya juya akalar baya. Ya ce ƙirar harsasai ta inganta har bambancin rauni tsakanin manyan nau'o'in ya zama kaɗan, kuma jami'ai sun fi samun abin da suka auna, cikin sauri, da milimita 9. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar fistol masu milimita 9. Shekara talatin aka yi ana zagaye aka dawo inda aka taso. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Bayanin na FBI ya ƙunshi wani adadi da ya kamata kowane mai saye ya tsaya a kansa. Ya ce a musayar wuta, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harsasan da jami'an tsaro ke harbawa ba sa samun wanda aka nufa. Cibiyar RAND, da ta duba bayanan 'yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006, ta samu cewa idan ana mayar musu da wuta, kashi 18 ne kawai na harbinsu ke samu. Waɗannan mutane ne da aikinsu ke nan, ana kuma tilasta musu zuwa filin koyon harbi. To ina ga ma'aikacin asibiti ko direban babbar mota da ya farka ƙarfe uku na dare, cikin duhu, zuciya na dukan uku-uku? Kuma harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa a iska. Bangon cikin gidajen Amurka galibi allon farar ƙasa ne da aka manna a kan katako, harsashin fistol na ratsa da yawa daga cikinsu a jere. Bayan bangon nan ɗakin yara ne, ko falon maƙwabci.

A nan ne wasan harbi ke da amfani na gaske, ko da yake mai son bindiga ɗaya ta yi masa aiki biyu ya tuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Bindigar nishaɗi ana so ta zama mai sauƙin kunama, mai arhar harsashi, mai laushin tunkuɗa. Shi ya sa nau'in .22, irin jerin da kamfanin Ruger ya fara a 1949 ya kai ga Mark IV na yau, ya zama makarantar farko ta miliyoyin masu harbi. Mutum zai yini yana harbin takarda da gwangwani bai gaji ba, aljihunsa ma bai koka ba. Sai dai irin wannan harsashi ya fi sauran ƙin tashi, ƙarfinsa kuma kaɗan ne, don haka masu horarwa ba su cika ba da shawararsa don tsaro ba. Wanda ya nace sai guda ɗaya, abin da ya fi kusa da biyan buƙatun biyu shi ne fistol mai matsakaici ko cikakken girma ta milimita 9, ko libarba irin Model 686 da ke cin .357 Magnum kuma tana karɓar .38 Special mai laushi don atisaye.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, musamman idan miji ne ke saya wa matarsa. Sai ya ɗauko 'yar mitsitsiyar bindigar aljihu, yana ganin ƙanƙantarta sauƙi ne. Akasin haka ne. Bindiga maras nauyi ta fi dukan tafin hannu, mariƙinta gajere ne, saitinta da wahala. Wadda aka saya wa za ta harba sau goma, hannunta ya yi tsami, ta jefa ta a durowa, ba za ta sake zuwa atisaye ba. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, kuma mai hankali zai gwada uku ko huɗu da hannunsa kafin ya zaro kuɗi. Ya kuma sayi abin toshe kunne tun ranar farko, domin ƙarar fistol na kaiwa wajen desibel 160, alhali abin da ya haura 140 na iya lalata ji nan take.

Yanzu a koma ga P320, domin tsugune ba ta ƙare da gyaran 2017 ba. A Afrilun 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka wallafa bincike inda fiye da mutum 100 suka yi zargin cewa bindigar ta tashi ba su ja kunama ba, aƙalla 80 sun ji rauni, da yawansu 'yan sanda ne da bindigar ke cikin kube a ƙugunsu. Rundunar 'yan sandan Milwaukee ta riga ta yanke shawarar sauya ta da Glock tun 2022. A Yunin 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Georgia suka ba wani mutum diyyar dala miliyan 2.35, a Nuwamba kuma takwarorinsu na Philadelphia suka ba wani tsohon soja dala miliyan 11. A Yulin 2025 hukumar shige da fice ta ICE ta umarci jami'anta su ajiye ta.

Adalci ya wajaba a nan. Kamfanin SIG Sauer ya tsaya kai da fata cewa P320 ba ta tashi sai an ja kunama, ya kuma yi nasara a wasu ƙararrakin. A Yulin 2025 wani matashin sojan sama ya mutu da harbin M18, wato samfurin soja na wannan bindiga, a wani sansani da ke Wyoming. Nan da nan aka ɗora wa bindigar laifi, rundunar da abin ya shafa ta dakatar da ita. Bayan 'yan makonni aka kama wani abokin aikinsa bisa zargin kisa ba da niyya ba da kuma yi wa masu bincike ƙarya, aka duba bindigogin aka mayar da su aiki. Mutumin da ya yi sakaci da yatsansa yana da kowane dalili na cewa ƙarfe ne ya yi laifi.

Duk da haka akwai abin da ƙira ke faɗa. A cikin P320 allurar da ke bugun harsashi a ɗane take gaba ɗaya tun kafin a taɓa kunama, kuma yawancin waɗanda ake sayar wa farar hula ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, ba su kuma da ɗan harshen nan da ke tsakiyar kunamar Glock, wanda sai an danne shi kunamar ke motsi. Na sojoji suna da makullin. Ma'ana, tazarar da ke tsakanin kuskure da musiba gajera ce. Igiyar riga ko bakin kube da ya lanƙwashe na iya isa. Glock ma ba ta tsira ba, domin kafin a kwance ta don sharewa dole a ja kunama, kuma mutane da yawa sun huda ƙafarsu ko bangon ɗakinsu saboda sun cire gidan harsasai sun manta da guda ɗayan da ke kwance a cikin bututu. Saboda irin wannan tsoro ne 'yan sandan New York suka daɗe suna sa wa bindigoginsu kunama mai nauyin fiye da kilo biyar, ninki biyu na yadda Glock ke fitowa daga masana'anta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne babu alƙalin wasa. Amurka na da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi tun 1972, wadda ke iya tilasta a janye gadon jariri ko na'urar gasa burodi ko bindigar wasan yara. A 1976 majalisar dokoki ta fito ƙarara ta hana ta taɓa bindiga ta gaske da harsashinta. Sakamakon haka, bindiga mai aibi ba ta barin kasuwa sai kamfani ya ga dama ko kotu ta matsa. Haka ta faru da Taurus na Brazil, wanda a 2015 ya amince da sulhu a wata ƙarar gayya da ta shafi fistol kusan miliyan ɗaya da aka yi zargin suna tashi idan sun faɗi, ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan giɓi ne da bai kamata ko mai tsananin son bindiga ya kare ba, domin shi ne farkon wanda abin ke ci. Kafin a toshe shi, aikin bincike na kan mai saye. Ya nemi tarihin samfurin, ƙararrakin da aka shigar a kansa, da rundunonin da suka ajiye shi da dalilinsu.

Amma ko an sami ƙirar da babu kamarta, babban haɗarin yana cikin gidan ne. A 2021 mutum 48,830 suka mutu da harbin bindiga a Amurka, bisa ƙididdigar hukumar lafiya ta CDC. Daga cikinsu 26,328, fiye da rabi, su suka harbe kansu. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun bi diddigin mazauna California miliyan 26.3 tsawon shekara 12, suka wallafa a 2020 cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau takwas wajen yiwuwar kashe kansa da bindiga, mace kuwa sau 35. Dalilin ba boyayye ba ne. Baƙin ciki mai tsanani yakan zo ya wuce cikin mintoci ko sa'o'i, kuma mafi yawan waɗanda suka gwada wata hanyar suna rayuwa, amma harsashi ba ya ba da damar nadama. Wani binciken na wannan tawaga a 2022 ya nuna cewa wanda ke zaune gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga ya ninka sauran fiye da sau biyu wajen yiwuwar a kashe shi, kuma galibin waɗanda abokan zaman aurensu ko masoyansu suka harbe mata ne.

Sai yara. An ƙiyasta cewa yara miliyan 4.6 a Amurka na kwana a gidajen da ke da bindiga a ɗure kuma ba a kulle ba. A Janairun 2023, a Newport News ta jihar Virginia, yaro ɗan shekara shida ya ɗauki fistol ɗin mahaifiyarsa daga jakarta, ya tafi da ita makaranta, ya harbi malamarsa a hannu da ƙirji. Allah ya yi da sauran kwananta. A Oxford ta jihar Michigan kuwa, ranar 30 ga Nuwambar 2021, ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da mahaifinsa ya saya kwana huɗu kafin nan. A 2024 aka yanke wa uwar da uban ɗaurin shekara 10 zuwa 15 kowannensu, karo na farko da aka kama iyaye da laifin kisa saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. A gaban kotu mai gabatar da ƙara ta ɗauki irin makullin wayar da ake bayarwa tare da bindiga, ta zura shi ta kulle cikin daƙiƙa goma. Bindigogin nan biyu duk sun tashi da yaran suka ja kunama. Abin da aka ƙera su don shi ke nan.

Masu kare ajiye bindiga a ɗure kusa da gado suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Ɓarawo ba ya jira a nemo mabuɗi, kuma akwai mutanen da bindiga ta ceci ransu da gaske, musamman a ƙauyukan da 'yan sanda ke da nisa. Yawan irin wannan ceto ne ake gardama a kai, daga dubu sittin da 'yan kai a shekara bisa binciken gwamnati, zuwa miliyan 2.5 bisa wani bincike na 1995 da masana da dama suka soka. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Heller, ta soke sharaɗin Washington na cewa dole bindigar gida ta kasance a kwance ko a kulle a kowane lokaci. Sai dai fasaha ta rage wa wannan hujja ƙarfi. Akwai ƙananan akwatunan ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin gado, masu buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma kuɗinsu bai kai rabin na bindigar ba. Waɗannan daƙiƙu ba asara ba ne. Su ne lokacin da mai barci ke wartsakewa ya tambayi kansa wane ne a bakin ƙofa.

Wannan tambaya ita ce ta huɗu a ƙa'idojin da Kanar Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya yaɗa har suka zama karatun farko na kowane fili. Ya koyar da a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an daidaita saiti, sannan a tabbatar da abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Duniya ta ga abin da saɓa ta ƙarshen ke jawowa a Fabrairun 2013, lokacin da ɗan tseren Afirka ta Kudu Oscar Pistorius ya yi harbi huɗu ta cikin rufaffiyar ƙofar banɗaki a gidansa da ke Pretoria, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp. Ya ce ya zaci ɓarawo ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko wane ne a bayan ƙofar, kisan kai ne. Tocila mai haske a gefen gado na cikin kayan tsaron gida kamar yadda harsashi yake.

Mai karatu a Kano ko Gusau ya sani cewa wannan kasuwa ba tasa ba ce. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa fistol da libarba a rukunin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da su ba izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. A Yunin 2022, da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ba wanda zai raina ƙuncin da ya kai mutane ga wannan kira, amma fistol a ƙarƙashin matashi ba ta tare gungun 'yan bindiga masu AK-47 a kan babura, haɗarinta ga 'ya'yan gidan kuwa iri ɗaya ne a Michigan da Maradun.

Waɗanda maganar ta shafa kai tsaye su ne 'yan uwa da ke zaune a New York da Houston da Atlanta da sauran biranen Amurka. Mai takardar zama ta dindindin na iya saye daga dillali mai lasisi idan ya kai shekara 21 kuma ya tsallake binciken tarihinsa, tare da cika sharuɗɗan jiharsa, waɗanda a wuri kamar New York masu tsauri ne ƙwarai. Ɗalibi ko baƙo mai bizar wucin gadi kuwa dokar tarayya ta hana shi, in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma saɓa wannan na iya kai mutum kurkuku ya kuma jawo a kore shi daga ƙasar.

Wanda doka ta ba shi dama kuma ya yanke shawarar saye, to ya lissafa kuɗin akwatin ƙarfe da na malamin harbi da na harsasan atisaye a cikin farashin bindigar tun kafin ya shiga kanti. Idan kuɗin bai kai ga duka ba, ya dakata har su kai. Idan kuma a gidan akwai mai fama da ciwon damuwa, ko rigimar aure da ta fara kaiwa ga duka, kada bindiga ta shiga gidan, wadda ke ciki ma a fitar da ita a kai ajiya inda doka ta yarda.